Bariki ko Haya a Gari: Shawara ga Amaryar Soja

Da zarar an sa ranar aurenki da soja, tambayar da gwaggonni za su fara jefowa ita ce, ina za a yi jere? A bariki ko a gari? Yawancin amare suna barin amsar a hannun ango, shi kuma ango ya bar ta a hannun aljihunsa. Ni matar soja ce. Na shigo maigida yana las kofur, yanzu samanja ne, kuma na zauna a ɗakin gwamnati na zauna a na haya, a Kudu da Arewa. Abin da zan faɗa ya fi shafar matan ƙananan sojojin ƙasa na Najeriya, daga farabiti zuwa samanja. Matan hafsoshi nasu da ɗan sauƙi, amma su ma ba za su rasa abin tsinta ba.

Ma'aunina ɗaya ne: ki zaɓi gidan da za ki iya zama a cikinsa ba ya nan. A kwanakin amarci kowane ɗaki daɗi gare shi. To amma aikin soja bai san amarya ba. Kina cikin ƙunshi sigina, wato saƙon umarni daga sama, za ta fito, a ce bataliyarsu za ta tafi aikin yaƙi na Haɗin Kai a Borno da Yobe, ko Fansan Yamma a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ko a tura shi kwas Jaji. Tafiyar daji wata da watanni ce, wani lokaci ta haura shekara. Saboda haka duk gidan da aka nuna miki, ki tsaya a tsakiyarsa ki tambayi kanki: in ciwo ya kama ni ƙarfe biyun dare, ko yaro ya fara shiɗewa, ƙofar wa zan buga, kuma da me zan isa asibiti? Amsar wannan ta fi tayil da silin muhimmanci.

Kafin zancen ɗaki ma, a gama da takarda. Ɗaurin aure a masallaci ya halatta ki a wurin Allah da dangi, amma rundunar soja ba ta san da ke ba sai mijinki ya kai shaidar auren ofis an buga shi a odar bataliya, wadda suke kira Part Two Order. Da ita ake ba shi matsayin mai iyali, da ita zai nemi ɗakin ma'aurata, da ita za a yi miki katin shaida na shiga da fita. Ki tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi, ko ya yi. Ki kuma tambayi sunan wa ke kan takardarsa ta magaji. Samari da yawa tun suna kurata a Depot na Zariya suka rubuta sunan uwa ko wa ko ƙane, kuma ba su sake waiwayar takardar ba. Ba ina cewa a cire Hajiya ba, wannan shawararsa ce. Amma ki san abin da ke rubuce tun lafiya na nan, don na ga matan da suka fara sani a ranar da ba a son tunawa. Haka nan rajistar asibiti: tsarin inshorar lafiya na ma'aikata yana ɗaukar mai aiki da matarsa ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, kuma wannan haƙƙinki ne ko a bariki kike ko a gari. Idan akwai uwargida a gabanki, ki san wa aka rubuta.

In akwai uwargida, zancen ya ma kusa yanke kansa. Soja ɗaya, masauki ɗaya ake ba shi, ko matansa nawa. Sai dai ɗaya ta zauna a ciki ɗaya a waje, kuma wannan magana ce da ya kamata waliyyinki ya ji amsarta kafin a karɓi sadaki.

Abu na gaba, ki gane cewa bariki suna ne kawai ya tara su. Akwai wanda gari ya cinye shi, irin Bukavu a Kano, da Ribadu da Dalet a Kaduna, da Giginya a Sakkwato. Kina fita get kin samu adaidaita, kasuwa na kusa, gidajen haya na kewaye. Akwai kuma wanda ke can gefe, irin Janguza a hanyar Gwarzo, da Rukuba a wajen Jos, da Jaji a tsakanin Kaduna da Zariya. A irin waɗannan, in kun kama haya a tsakiyar gari, mijin da ake buƙata a fareti da sanyin safiya zai riƙa fita tun kafin assalatu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin wannan zirga-zirgar ya zama haya ta biyu. Sannan akwai inda ba ki da kowa sam: Runduna ta 2 a Ibadan, ta 6 a Fatakwal, ta 81 a Legas, ta 82 a Inugu. In can aka ajiye shi, ke ba Yarbanci ba, ba Ibo ba, ba ki san unguwar kirki da ta banza ba, to ni dai ban ga dalilin da zai sa ki fara da haya ba muddin akwai ɗaki a ciki. A kowane bariki za ki samu masallaci da limamin soja, za ki samu masu jin Hausa har cikin waɗanda ba Hausawa ba, za ki samu mai sayar da dawa da kuka da daddawa a mami, wato kasuwar bariki.

Sai dai samun ɗakin shi ne aiki. Sojoji sun fi ɗakuna yawa, kuma layi ake bi, gwargwadon muƙami da daɗewa da yawan iyali. Kofur zuwa ƙasa nasu bulok daban, daga saje zuwa sama daban, hafsoshi can wani sashe. Idan ango ya ce miki "an yi mini alkawari", ki ce masha Allah, amma kada a ɗauki mota a kawo kaya sai mabuɗi na hannunsa da takardar da ke nuna sunansa aka ba. Ki kiyayi ɗakin aro. Ana yi sosai: wani an yi masa canjin wurin aiki, iyalinsa sun koma gida, sai ya ba abokinsa ɗakin a bayan fage. Ranar da ofis ya zagayo ƙidaya, ko mai ɗakin ya dawo, ke ce za ki kwana kina ɗaure kwanuka.

In ɗaki ya samu, kada ki yarda da hoton waya. Ki tura yayarki ko gwaggo mai ido, in da hali ki bi su da kanki. Ga abin da za a duba, kuma na sa shi bisa yadda ya fi ci mini rai. Banɗaki naku ne ku kaɗai, ko na haɗaka ne da sauran 'yan bulok? Sababbin gine-gine da waɗanda aka gyara suna da banɗaki da kicin a ciki. Tsofaffin kuwa, wasu har yanzu layi ake da bokiti da safe, maza da mata da yara. Ga macen da ta tashi a gidan da ko ƙanin miji sai ya yi sallama sau uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba shagwaɓa ba ce in kin ce ba za ki iya ba. Sai ruwa: famfo na zuwa har ɗaki, ko tuƙa-tuƙa ce a bayan bulok, ko sai tankar ruwa ta zo? A ɗaga kai a dubi silin, in akwai taswirar ruwan sama to damina za ta ba ku labari. A leƙa kwatar baya. A tambayi matar da ke maƙwabtaka, ba mijinta ba, awa nawa ake samun wuta.

Zancen wuta na dame ni don sana'ata zoɓo da kunun aya ce, firiza ce jarina. Mutanen gari suna ɗauka bariki ba a ɗauke wuta. Da can an fi samu, gaskiya ne, kuma har yanzu ba za ki ga mai yankan wuta da tsani a ƙofarki ba. Amma a farkon 2024 sai da shugaban sojojin ƙasa na lokacin, marigayi Laftana Janar Taoreed Lagbaja, ya je wurin ministan lantarki saboda barikoki da dama na cikin duhu a kan bashin da aka ce ya kai naira biliyan 42. Kowane bariki da halinsa, shi ya sa na ce a tambaya.

Sannan a tafi da awo. Wannan ita ce shawarar da iyaye mata suka fi ƙi, kuma ita ce ta fi ceton kuɗinsu. Ɗakin ƙaramin soja ba ya ɗaukar jeren da muka saba: gado ƙato da madubinsa da durowa mai ƙofa shida, kujeru saiti guda, teburin cin abinci, da kabad ɗin kwanuka. Na sha ganin 'yan jere sun iso da mota shaƙe, a rasa yadda za a shigar da durowa, a ƙare da ajiye kujeru a baranda rana da ruwa su cinye su. Ko ɗakin ya ɗauka, ki tuna wannan kayan zai hau bayan mota ba sau ɗaya ba. Katakon zamani na garin katako da aka matse, in aka kwance shi aka ɗaura sau biyu, ya gama yawo. Ki roƙi Mama a yi gadon katako na gaske mai ƙusoshin kwancewa, katifa mai kyau, kujeru ƙanana, tukwane da kuloli masu ƙwari. Ragowar kuɗin a saya miki abin da ba ya karyewa a hanya, ɗan kunne ko sarƙar zinari, ko keken ɗinki, ko tunkiya a bar ta a gida. Masu zuwa ganin ɗaki za su yi magana, kwana biyu ne su manta.

Ranar karɓar ɗaki, mutumin ofishin kwatamasta, mai kula da ɗakuna da kayan bariki, zai zaga da mijinki. Duk abin da yake a lalace, gilashin taga, makunnin wuta, marfin masai, a rubuta, ke kuma ki ɗauki hoto. Ranar fita za a sake dubawa, abin da ba a rubuta ba ku kuka ɓata. Kuɗin da kuka zuba na fenti da tayil kuwa sadaka ce ga wanda zai gaje ku, don haka a yi daidai wa daida.

Yanzu zaman kansa. Abin da bariki ke ba ki wanda kuɗi ba ya saya a gari shi ne mata masu irin damuwarki. Ranar da bataliya ta tafi, bulok gaba ɗaya ne ya zama na mata da yara. Wadda mijinta ya samu sabis ya kira, ita za ta zo ta ce miki ya ga naki lafiya. In albashi ya makara, kowa ya makara, mai shago a mami ya sani, zai buɗe miki littafi. Akwai ƙaramin asibitin bataliya da suke kira MRS, da ƙafa za ki je, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ki babba, irin 44 a Kaduna. Akwai makarantun yara na soja da sakandaren Command, kuɗinsu da sauƙi ga 'ya'yan soja in aka kwatanta da masu zaman kansu, ga Islamiyya a masallaci. Yaro zai fita wasa ba ki riƙe zuciya a hannu ba. In labari mara daɗi ya zo, Allah ya kiyaye, akwai waɗanda aikinsu ne su zo, kuma akwai waɗanda suka riga ki shiga wannan hali da za su zauna da ke.

Kuɗin wannan kuwa da 'yancinki za ki biya. A bariki ke ba ki sa kaki ba amma doka ta hau kanki. Akwai ranar shara ta dole. In an busa bigila ana sauke tuta da yamma, duk inda kike a waje za ki tsaya cak. Baƙonki zai tsaya a get a tambaye shi wurin wa ya zo, kuma dattijon da ya taso daga ƙauye don ganin jikarsa ba lallai ya ji daɗin yadda yaro ɗan shekara ashirin da bindiga zai yi masa tambaya ba. Wasu iyayen ma daga jin sunan wurin hankalinsu ke tashi, sai an zo da su sun ga masallaci da matan aure da hijabansu. Ajiye ƙanwa ko ɗan riƙo sai an sanar. Sana'a a mami sai da izini. Kiwo wani wurin a bari, wani wurin a hana.

Mafi nauyi, laifinki mijinki ne zai amsa shi. In kika yi faɗa da maƙwabciya a bakin famfo, magana za ta fara zuwa wurin magajiya, wato shugabar matan bulok ko ta kamfani. In ta kashe wutar, shi ke nan. In ta gagara, sai gaban RSM, wato babban samanjan bataliya mai kula da ɗa'a, kuma a nan mazan za a kira. Ana iya hukunta soja saboda bakin matarsa, ana iya korar iyali daga bariki ɗungurungum. Don haka makon farko, ki sa mijinki ya nuna miki magajiya, ki je gaisuwa da ɗan abin hannu, ko cincin da dubulan na gara. Ki ce, "Mama, ni baƙuwa ce, in na yi ba daidai ba a gyara mini." Wannan gaisuwar za ta yi miki aiki shekaru. Ki shiga NASWA, ƙungiyar matan ƙananan sojoji (ta matan hafsoshi ita ce NAOWA), ko don ki riƙa jin abin da ake ciki da koyon sana'a.

Muƙami kuma yana bin mata har bakin murhu, ko da ba a rubuta a ko'ina ba. Matar saje ta san ita matar saje ce. Ni wannan bai taɓa burge ni ba, don igiyar da ke hannun riga ba ke kika yi mata fareti ba, amma haka wurin yake, sai ki iya takunki. Bango kuma siriri ne. Abin da kuka faɗa da dare, da safe yana bakin famfo. In ke mai saurin sakin ciki ce, ki koyi gaisuwa mai faɗi da hira gajera. Yaranki za su tashi da turancin buroka a baki tun kafin su iya Hausa sosai, su san abincin kowace ƙabila, su yi rawa a bikin WASA na ƙarshen shekara. Ni ina ganin wannan riba ce, muddin a cikin ɗaki Hausa ake yi kuma ba a wasa da Islamiyya. Wasu ba su ga haka ba, kuma ina girmama ra'ayinsu.

Game da tsaro, bariki ya fi gari, ba gardama. Ɓarawon waya da ɗan daba ba sa shigowa yadda suka ga dama. Amma kada a ce miki ba abin da ke faruwa a ciki. Ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe ranar 27 ga Janairun 2002, mutum fiye da 1,000 suka rasu, da yawansu a cikin ruwa wajen gudu. Bam ya tashi a mamin barikin Mogadishu a Abuja a daren ƙarshe na 2010, an kai hari cocin Jaji a Nuwamban 2012, Boko Haram ta afka wa barikin Giwa a Maiduguri a Maris ɗin 2014, 'yan bindiga sun shiga NDA, makarantar horar da hafsoshi, a Afaka a Agustan 2021. Waɗannan ba kullum ba ne, na kawo su ne don kada tsoro kaɗai ya yanke miki shawara, ta kowane ɓangare.

To, in gari za a zauna fa? Wani lokaci ba zaɓi ba ne, ɗaki ne babu. Wani lokaci kuma shi ne daidai: barikin na garinku, Mama na nan kusa, kina karatu ko aiki a cikin gari, ko ɗakin da aka samu na banɗakin haɗaka ne. Da farko mijinki ya nemi izinin kwana a waje daga kwamandansa, a rubuce, ya kuma tambayi ofishin albashi abin da ya cancanta na masauki tunda ba a ba shi ɗaki ba. Ko kun kama haya, sunansa ya ci gaba da zama a layin neman ɗaki.

Sai ku zauna da biro da takarda, ku biyu. Kuɗin haya a ƙasar nan na shekara ake biya gaba ɗaya, wani mai gidan ma ya ce biyu. A ce, misali, an yanka muku naira dubu 400. Dillali zai karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100, dubu 40 ke nan, wani wurin ga kuɗin yarjejeniya ga na ajiya saboda ɓarna. Ku ɗora wuta. Ku tambaya ko layin unguwar Band A ne, wato rukunin da aka ware wa wuta mafi yawa, don a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wannan rukunin zuwa sama da naira 200 kowane yunit, kuma ku nemi gida mai mitar kati taku ku kaɗai, ba wadda za a riƙa rabon bil da maƙwabta ana rigima ba. Ku ɗora ruwan 'yan garuwa in babu rijiya ko burtsatse, da kuɗin 'yan sintiri, da na shara, da man babur ɗinsa na wata, da kuɗin makaranta in yara sun zo. Abin da ya fito ku raba 12, ku ajiye shi kusa da albashinsa. Albashin kawai, ban da alawus ɗin daji, don wannan yau akwai gobe babu. In ya cinye fiye da abin da za ku iya ci ku sha da ragowar, ku aika wa iyaye, to gidan ya fi ƙarfinku ko da ya yi kyau.

Akwai maganar da za ku yi da mai gida kafin kuɗi ya bar hannunku, don bayan nan ba ta da amfani. Soja ba shi da tabbacin ƙarasa shekara a wuri ɗaya. Ku nemi a rubuta cewa in canjin aiki ya zo, ko a mayar muku da kuɗin watannin da suka rage, ko a bar ku ku kawo wanda zai ƙarasa. Na farkon da wuya mai gida ya yarda, na biyun yawanci ana samu, kuma sabon soja mai neman wuri ba ya wuya. A yi a gaban shaidu, a karɓi rasit da sunan mai gidan, ba na dillali ba. Kada ki yi mamaki in wani ya ji soja ne ya ce gidan an riga an kama. Suna tsoron ranar da za su zo karɓar haya a tare su da kaki. Abin da ya fi saurin warware wannan shi ne a je da dattijo, limamin unguwa ko wani da mai gidan ke jin nauyinsa.

Wurin da na fi so a kama shi ne unguwannin da ke jingine da bariki, inda ƙafa ko ɗan babur zai kai ki get. Kin samu gidanki mai katanga da ƙofar da za ki rufe, ki shanya kayanki ki zauna ba ɗankwali, ga asibiti da makaranta da mami ba su yi miki nisa ba, kuma rabin maƙwabtan iyalan soja ne ko 'yan fansho. Gida mai mutane ya fi wanda ke tsaye shi kaɗai a bayan gari, komai arharsa. In da dattijuwa a gidan ko a maƙwabta, wannan ƙari ne babba. Ku je ku gai da mai unguwa.

A gari akwai takatsantsan da ba a buƙata a ciki. Kada ki shanya kaki a inda mai wucewa zai gani. Kada mai shago da mai kitso su san ranar da ya tafi da inda aka kai su, balle Facebook da TikTok. Hotonsa da kaki da bindiga ya zauna a wayarki. Wannan kariya ce gare ki, kariya ce gare shi. Kuma don Allah kada ki zama matar da ke cewa "za ki san mijina soja ne" a kan rigimar kwata ko ta yara. Zai tafi, ke za ki zauna da mutanen. Ki kuma riƙe lambar wani a bataliyarsa cikin waɗanda aka bari a gida, da ta magajiya, ki riƙa leƙa taron mata lokaci-lokaci. Matar da ke waje ita ce ta ƙarshe da ke jin labari, ko na rabon kayan azumi ne ko na ranar dawowa.

Akwai hanya ta uku da dangi suka fi so, wato a bar ki a gidan iyayensa ko naku, ya riƙa zuwa in ya samu fas, wato izinin tafiya gida. In yana bakin daga tun kafin biki, ko cikin fari ya tsufa, wannan daidai ne, a je a yi wankan jego a gaban manya. Amma a sa masa wa'adi. Na ga auren da aka shekara biyar ana "sai ya samu ɗaki", mata da miji ba su taɓa yin wata uku a jere a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, ita ta zama 'yar aikin gidan surukai, shi kuma ya saba da zaman gwauro. In za ki tafi gida na ɗan lokaci kuma kuna da ɗaki a bariki, a sanar da magajiya da ofis, don ɗakin da aka ga a rufe wata da watanni ana iya ba wani.

In kika ce in zaɓa miki, ga nawa. An kai ku garin da ba ki da kowa, kuma ɗakin na da banɗakinsa: ki shiga bariki, ko da ƙarami ne, ki yi aƙalla zagayen tafiyarsa ɗaya a ciki, ki koyi yadda aikin yake daga bakin waɗanda suka riga ki. Garinku ne, ko banɗakin na haɗaka ne kuma lissafin haya ya fita: ki kama a jikin bariki. Lissafi bai fita ba kuma ɗakin bai yi miki ba: ki shiga hakanan, ki sa labule mai kauri, ki sayi bokiti mai marfi da babbar randar roba, ku bar sunanku a layin neman wanda ya fi shi. Ƙarin girma na zuwa, ɗakin ma yana canzawa da shi.

Duk wanda kika zaɓa, ɗakin bariki ba naku ba ne. Ranar ritaya, ko sallama, ko rasuwa, wa'adi ake ba iyali su tashi, kuma akwai mai jiran mabuɗin. Saboda haka in kuna ciki, kuɗin hayar da ba ku biya ba kada ya narke a cefane da ankon biki. Ku yanke wani abu duk wata kamar mai gida na tsaye a ƙofa, a zuba a adashi ko asusun da ba shi da katin cire kuɗi, a nemi fili a garin da kuke son tsufa. Rundunar ma tana da shirin mallakar gida ga sojoji da ake cira daga albashi, ya tambaya a ofis ya ji sharuɗɗan. In an sayi filin, ki ga takardar da idonki, ki san sunan da ke kanta da shaidun da suka sa hannu, kuma kwafi ɗaya ya zauna a cikin akwatinki tare da takardar aure da ta haihuwar yara.